Kwaɗon Marmari: Abin Da Ya Kamata Mu Tari Baƙo Da Shi Ranar Sallah

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, akwai wata takarda da kan fito daga cikin gida zuwa hannun maigida, wadda ba ta buƙatar amincewar majalisa kafin ta zama doka. A cikinta za ka tarar da shinkafa da kaji da man gyaɗa, da fulawa da sukari da bota na cincin da dubulan, da madarar gwangwani, sannan can ƙasa a rubuta adadin katan-katan na lemon kwalba da za a tari baƙi da su. Na daɗe ina lura da irin wannan takarda a gidajenmu na ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma da wuya ka ga an ware wa gwanda ko mangwaro ko kankana layi guda a cikinta. In ma an tuna da su, to cikin azumi ne, lokacin buɗa baki. Da zarar an ga wata sai a sallame su, sai kuma baɗi.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da kowane gida zai tanadi babban kwano guda na yankakkun 'ya'yan itatuwa, waɗanda aka kwaɗa da ruwan aya da dabino, ba madara ba sukari, ya zama yana cikin abin da ake fara miƙa wa baƙo ranar Sallah, a rage masa yawan kwalba. Abu ne mai sauƙi wanda yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta iya haɗawa, amma na san akwai masu jin haka su ce sabon salo, wai kiran sallah da usur. Dalilinsu kuwa shi ne, irin wannan haɗi da babu komai na dabba a cikinsa ya shigo wayoyin matanmu da 'ya'yanmu ne ta intanet ɗauke da wani baƙon suna, wato “bigan”, kuma sunan ya zo da kayansa.

Bari mu fara da sunan, tunda nazarin harshe ne sana'ata. Kalmar ba ta da tsufa ko a Turancin. Wani Baturen Ingila mai suna Donald Watson, malamin koyar da aikin kafinta a garin Lesta, shi da wasu 'yan tsirarun abokan ra'ayinsa ne suka kafa ƙungiyarsu a watan Nuwamba na 1944. Da can suna cikin waɗanda ake kira “bejiteriyan”, masu ƙin cin nama amma suna shan madara suna cin ƙwai. Da suka ga wannan bai ishe su ba, sai suka yanko farkon waccan kalma da ƙarshenta suka haɗe, suka sami sabon suna. Aƙidarsu ita ce ɗan Adam ba shi da haƙƙin amfana da dabba ta kowace fuska, don haka ba nama, ba nono, ba ƙwai, ba takalmin fata, kai har zuma ba sa sha, domin a ganinsu ƙwace ce aka yi wa ƙudan zuma.

Ba sai na ɓata wa mai karatu lokaci ba wajen bayyana cewa wannan aƙida ba tamu ba ce. Mutumin da ke tanadin ragon layya tun watanni kafin babbar Sallah, wanda Littafinsa ya ambaci nono da zuma cikin ni'imomin Ubangiji a Suratun Nahli, wanda kuma maƙwabcinsa ko kakansa makiyayi ne, ba zai karɓi cewa tatsar saniya zalunci ne ba. Ni ma ban karɓa ba. Amma aƙida daban, girki daban. Idan wanda ba ka yarda da aƙidarsa ba ya dafa wake, ba za ka haramta wa kanka wake ba. Abin da ma ya fi wannan, in aka binciki akushin kakanninmu za a tarar yawancin abin zaƙinsu bai taɓa haɗuwa da dabba ba: daƙuwa, da kantun riɗi, da mazarƙwaila, da maɗin ɗinya, da ruwan tsamiya, da kunun aya, duk daga tsiro suke. Ba su yi haka don bin wata ƙungiya ba, abin da ƙasa ta ba su ke nan.

Sai dai harshenmu ya adana wata shaida da ba ta yi mana daɗi ba game da yadda muke kallon 'ya'yan itatuwa. Me muke kiran su a dunƙule? Kayan marmari. Marmari kuwa sha'awar abu ce wadda kan taso jifa-jifa, abin da ba a samu kullum, kuma ba a mutuwa don an rasa shi. Wato tun daga suna mun fitar da su daga sahun abinci, mun ajiye su kusa da ƙwalama da maƙulashe, abin yara da masu ciki da marasa lafiya. Shi ya sa za ka ga magidanci ba ya tsayawa wurin mai lemo da ayaba sai zai je dubiya asibiti. Haka nan miyar da ba ta da nama muna ce mata lami, kalmar da ke nufin rashin armashi. A wurin Bahaushe ke nan, girmama baƙo yana cikin maiƙo da nama da abin da aka sayo da tsada, kuma wanda ya ajiye wa baƙonsa gwanda ranar Sallah zai ji tsoron a fita ana cewa ya gaza.

Akwai wata kalma da ta fi ba ni mamaki, ita ce lemo. Asalinta Larabci ce, sunan ɗan itacen nan ne da kowa ya sani. Da kamfanoni suka kawo ruwan sukari mai gas a cikin kwalba, sai muka ara masa sunan muka ce lemon kwalba. Sannu a hankali aron ya zama mallaka. Yau idan ka aiki yaro a Kano ko Kaduna ka ce ya sayo wa baƙo lemo, kwalba ko roba zai riƙo maka, kuma bai yi laifi ba. In kana son na ainihin sai ka yi ƙarin bayani, ka ce lemon ɓawo ko lemon zaƙi. Mai gida ya koma yana gabatar da kansa a cikin gidansa. Irin wannan ya faru da madara, wadda a da take nufin nonon da aka tatso yanzu, yau kuwa sai ka ce ta shanu kafin a gane ba ta gari ko ta gwangwani kake nufi ba. Ya taɓa faruwa da gwanda ma tun da daɗewa. Wadda muke yankawa a yau baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, tsofaffi suna ce mata gwandar Masar, amma ta gaje sunan, ta bar 'yar ƙasa da laƙabin gwandar daji. Masu nazarin harshe sun san cewa irin wannan sauyi ba ya aukuwa sai abin da ke hannun mutane kullum ya sauya. Kalma tana bin baki ne, baki kuma yana bin abin da ake sa masa.

To me ke cikin abin da ya ƙwace sunan? A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarar cewa sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, in da hali ma ya sauko zuwa kashi 5. Ga baligi matsakaici, kashi 10 ɗin ya kama kimanin giram 50, wato kusan ƙaramin cokalin shayi 12. Wasu daga cikin sanannun lemukan kwalba suna ɗauke da fiye da giram 10 na sukari a kowace mililita 100, ke nan roba guda ta rabin lita ta cinye kason yini gaba ɗaya. Yanzu mai karatu ya lissafa gida nawa yake shiga ranar Sallah da washegari, kuma a gida nawa ne zai iya cewa a'a ba tare da an ji haushi ba. Ya ƙara da cincin da alkaki da kek. Ya tuna da yaran da ke yawon Sallah, waɗanda ba mai lissafa musu. Hukumar ta kuma ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da ganyaye a kullum, abin da da yawanmu ba ma kusantarsa ko a mako na yalwa.

Gwamnatin Tarayya ta san da matsalar, domin a Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha, aka fara karɓa a 2022. A ganina naira 10 ba ta taɓa hana kowa sayen katan ba, balle a lokacin da kuɗin ya zube. Abin da zai yi tasiri shi ne sauyin abin da ake ɗauka karamci, kuma wannan ba aikin kwastan ba ne, aikin iyayen gida ne. Mu da muke yini a kan kujera a ofis, mu koma gida a mota, mu ne ciwon sukari da hawan jini suka fi yi wa kwanton ɓauna. Kowa ya duba cikin abokan karatunsa da suka haura arba'in ya ga nawa ne ke yawo da ƙwayoyi a aljihu.

Ga yadda ake haɗin, don kada a ce na cika surutu ban kawo komai ba. Domin mutum goma, a sami busasshiyar aya gwangwani biyu, a tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, a wanke ta sosai, a jiƙa ta kwana. Idan ɗanya ce sa'o'i kaɗan sun isa. Da safe a zubar da ruwan jiƙon, a sake ɗaurayewa. A cire ƙwallon dabino kamar goma ko goma sha biyu, a buɗe kowane a duba cikinsa saboda tsutsa, a jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya yi laushi. A haɗa ayar da dabinon da rabin kwakwa da aka yayyanka da ɗan guntun ɗanyar citta, a markaɗa da tafasasshen ruwan da ya huce. A nan ne bambancinsa da kunun aya yake: ruwan kaɗan ake so, daidai yadda injin zai juya, domin abin da ake nema kauri ne irin na kindirmo. A tace da tsabtataccen ƙyalle, a matse da kyau. Sai a kawo farin garin nan na cikin 'ya'yan kuka, ba na ganyen miya ba, babban cokali biyu ko uku, a tankaɗe a dama a ciki. Shi ne zai ƙara masa kauri, ya ba shi ɗan tsamin da zai hana zaƙin dabino gundurar mutum. A rufe a sa a firiji, ko a dasa kwanon cikin ƙanƙara.

'Ya'yan itatuwan kuwa a wanke su tun ba a fere ba, domin wuƙa tana ɗaukar dattin ɓawo ta kai ciki. Mangwaro da gwanda da abarba su ne ginshiƙi, a yanka su daidai lomar cokali. Ayaba sai an kusa ci za a yanka, a matsa mata lemon tsami don kada ta yi baƙi. Kankana ita ce ta ƙarshe, saboda in ta daɗe a cikin haɗi takan saki ruwa ta tsinka komai, kuma wasu sun fi son a ajiye ta gefe. Kada a kwaɗa duka lokaci guda. A riƙa zuba wa kowane baƙo a ƙaramin kofi, a kwarara masa ruwan ayar a kai, a barbaɗa soyayyen riɗi ko dakakkiyar gyaɗa. Shi ke nan. Ba wuta, ba tanda, ba mai.

Wani zai tambaya, me madara ta yi da za a cire ta? Ba ta yi laifin komai ba, amma akwai dalilai na zahiri. Ɗanyar abarba da gwanda suna ɗauke da sinadaran da ke narkar da furotin, shi ya sa matan da suka san girki kan sa gwanda a nama mai tauri. Idan suka jima cikin madara sukan sa ta guntse ta yi ɗaci, kuma duk wadda ta taɓa haɗa irin wannan da safe ta ajiye zuwa la'asar ta san haka. Sannan mutane da yawa a Afirka ta Yamma, in ka ɗebe Fulani da sauran makiyaya, cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin ɗanyar madara bayan sun girma, sai kumburi da murɗa. Nono mai tsami ya fi zauna musu, amma ba shi ake zubawa a irin wannan haɗi a birni ba. Abin da ake zubawa ita ce madarar gwangwani mai kauri, wadda kusan rabinta sukari ne, ko ta gari, wadda da yawa daga cikinta an cire mata man shanun tun a Turai an maye gurbinsa da man ja da aka tace. Wanda ya ce yana kare martabar nonon Fulani ta hanyar sayen wannan, bai karanta jikin gwangwanin ba.

Aya kuwa ba ta buƙatar in yi mata kirari. An same ta a cikin kaburburan tsohuwar Masar, ke nan mutane sun shafe dubban shekaru suna cin ta. A yankin Balensiya na ƙasar Sifen akwai abin sha da suke alfahari da shi, suna ce masa orcata, kuma ba komai ba ne illa kunun aya. Sun yi wa ayarsu rajista ta musamman da sunan yankinsu, amma abin da suke nomawa ba ya isar su, sai sun sayo daga Afirka ta Yamma, ciki har da Jamhuriyar Nijar, inda jihar Maraɗi ta yi fice wajen nomanta. Haka garin 'ya'yan kuka: a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a ƙasashenta a matsayin sabon nau'in abinci, kuma yau ana zuba shi a ƙananan leda masu ado ana sayarwa da tsada saboda yawan bitamin C da ke cikinsa, wanda ya ninka na lemo. Abin da yaran ƙauye ke jifa da dutse su fasa su tsotsa ke nan. Wani abin dariya, a 2017 sai da babbar kotun Tarayyar Turai ta zauna ta yanke hukuncin cewa ba a yarda a kira abin da aka tatso daga tsiro da sunan madara a kasuwa ba, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Bahaushe bai shiga wannan shari'a ba, tun farko kunu ya ce.

Dole in faɗi inda haɗarin yake, domin wannan haɗi ba tsarkakakke ba ne daga aibi. Ruwan aya ba ya jure zafi. A bazara irin tamu, in babu sanyi, sa'o'i kaɗan sun isa ya fara tsami da kumfa, kuma sanin kowa ne wutar lantarki ba ta san ranar Sallah ba. Don haka a yi daidai na yinin, a kuma nemi ƙanƙara tun jajibiri. A watan Yuni na 2024, lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas, jami'an lafiyar jihar sun ce da dama daga cikin waɗanda suka kamu a wani yanki sun sha kunun ayar da ake sayarwa a roba ba tare da rajista ba. Laifin na ruwa ne da hannu da injin markaɗe, shi ya sa na ce tafasasshen ruwa, kuma wadda za ta kai markaɗe waje ta tsaya a wanke injin a gabanta. Akwai kuma masu nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabayid na masu walda, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Ayabar da ɓawonta ya yi rawaya fes amma kanta kore shar, kuma ba ƙamshi, a bar wa mai ita. Sannan mai ciwon sukari kada ya ɗauka an ba shi lasisi. Busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, mangwaro da ayaba ma ba baya ba. Fifikon ɗan itacen da aka tauna shi ne yana tafe da harzarsa, wadda ke rage saurin shigar sukarin cikin jini, kuma yana cika ciki kafin a wuce gona da iri. Da zarar an matse shi an mayar da shi ruwa an zubar da tuƙar, Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa sukarinsa tare da na kwalba ne. A tauna, kada a tace.

Sai batun lokacin ci. Turawa suna da kalma ta musamman ga abin zaƙin da ake kawowa bayan abinci, wadda Ingilishi ya aro daga Faransanci, asalin ma'anarta kuwa kwashe kwanuka daga tebur. Hausa ba ta da takwararta, kuma wannan ba gibi ba ne, domin cin abincinmu ba hawa-hawa yake ba. Ana ajiye akushi a ci, a sha ruwa ko fura, a tashi. Saboda haka ba dole ne mu jira sai baƙo ya cika cikinsa da waina da soyayyen nama kafin mu kawo masa ba. Imam Gazali, a babin ladubban cin abinci na littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya so a fara gabatar wa baƙo da 'ya'yan itatuwa, ya kuma kafa hujja da yadda aka ambace su kafin nama a Suratul Waƙi'a. Hadisai sun zo da cewa Manzon Allah (SAW) yakan haɗa ɗanyen dabino da kankana, kuma ba ya fita idin ƙaramar Sallah sai ya ci dabino, adadin mara. Duk wanda ke neman asalin wannan haɗi bai kamata ya tafi Lesta ba. Ta fuskar hikima ma, baƙon da ya shigo daga rana aka fara ba shi abu mai sanyi mai cika ciki, da kansa zai ce a bar masa kwalbar a rufe.

Akwai kuma maganar inda kuɗin ke tafiya. Wanda ya shiga kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano ya ga motocin da ke sauke lemo da mangwaro daga Binuwai, da abarba da ayaba daga kudu, da kankana daga fadamun Jigawa da Yobe, zai kuma ga tulin da ke ruɓewa a gefe saboda ba wurin adanawa. A Dutse akwai reshen cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa da aka keɓe wa dabino, amma har yanzu mafi yawan dabinon da muke ci daga Nijar da ƙasashen Larabawa yake zuwa. Katan ɗaya da gida ya rage ya sayi aya da gwanda, kuɗinsa ya faɗa hannun manomi da ɗan dako da mai tireda. Ban ce kayan marmari suna da araha ba, musamman a ƙarshen azumi da farashi kan yi tashin gwauron zabo. Amma ba dole sai an tara kala biyar ba, balle a nemi tufa da inabi na ƙasar waje don burga. Kala biyu na abin da ke yayi sun wadatar.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malamin harshe shi ne waɗanda ba sa zuwa kasuwar ma sam. Nakan tambayi ɗalibaina a aji su lissafa mini 'ya'yan itatuwan daji da suka taɓa ci. Waɗanda suka tashi a ƙauye sukan jero kanya da ɗinya da magarya da kurna da tsada da taura da aduwa da goriba da kaɗanya da ɗorawa, har da gardama a kan wadda ta fi daɗi. 'Yan birni kuwa, waɗanda iyayensu irinmu ne, da yawa sukan tsaya a goriba da magarya, sauran sai dai sun ji a karin magana. Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, ƙamusun Bargery ya fito a 1934, na Jami'ar Bayero kuma a 2006, duk sunayen suna nan a kwance. Amma kalmar da ke cikin ƙamus kaɗai, ba a baki ba, ajiya ce kawai. Yaron da bai taɓa ɗanɗana kanya ba ba zai damu ba in an sare itacenta an yi gawayi, kuma ana sarewa. Don haka in lokacinsu ne, a ajiye ɗan faranti na kanya ko ɗinya ko tsada kusa da kwanon, a gaya wa yara sunansu. Garin ɗorawa ma yana shiga ruwan ayar ya zauna daram.

Saura suna. Na ji ana ta kiran irin wannan haɗi da sunan Turanci a gidajenmu, alhali muna da kalmar da ta dace da shi. Kwaɗo shi ne a sami abu ɗanye ko dafaffe da ya huce, a cakuɗa shi da wani abu mai kauri da zai ba shi ɗanɗano, kamar yadda ake yi wa zogale da rama da ƙuli-ƙuli. Abin da muka yi wa mangwaro da ruwan aya ke nan, don haka ni kwaɗon marmari nake ce masa. Na san malaman jami'a sun ƙirƙiri kalmomi da dama da suka mutu a cikin takardun taro, kuma matan gida da masu talla ne ke raɗa sunan da ke zama. In sun zo da wanda ya fi nawa, zan bi. Abin da kawai nake roƙo shi ne kada a ɗora wa uwargida wannan a matsayin ƙarin aiki a ranar da ta kwana tana suya. Fere abarba da yanka kankana ba su fi ƙarfin maigida da samarin gida ba, tunda su ne ke feɗe rago.

A 'yan shekarun nan Sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin bazara da farkon damina, lokacin da mangwaro ke zube a ƙasa kuma jiki ke neman ruwa, don haka mangwaro da kankana za su ja gaba. Da yake kalandarmu tana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, zuwa 2033 ƙaramar Sallah za ta riske mu a tsakiyar hunturu, daidai lokacin da maƙwabtanmu Kiristoci ke bikin Kirsimeti da sabuwar shekara, kasuwa cike da lemon ɓawo da gwanda da abarba. A irin wannan yanayi ba a bukatar ƙanƙara da yawa, sai a ƙara citta da ɗan kanumfari a cikin markaɗen, a ɓare lemon a cire farar fatar da ƙwallayen kafin a zuba, domin su ne ke kawo ɗaci.